Shekara Shida Ina Koyar da Sifaniyanci Ban Taɓa Hira da Mai Harshen Ba

Ranar da na fara magana da wadda ta sha Sifaniyanci a nono, ina da shekara shida a bakin allo ina koyar da shi. Na daɗe ina jin nauyin faɗin wannan magana, amma tunda labarina zan bayar, gara in fara daga inda ya fi yi min ciwo.

Ni Bahaushiya ce 'yar Garwa, a arewacin Kamaru. A makarantunmu masu bin tsarin Faransanci, idan yaro ya shiga shekara ta uku a sakandare ana ba shi zaɓin ƙarin harshe, yawanci Jamusanci ko Sifaniyanci ko Larabci. Lokacin da abin ya zo kaina, Samuel Eto'o yana tashe a Barcelona, yayyena maza ba su da zance sai nasa. Wata rana na gan shi a talabijin ɗin maƙwabta yana amsa tambayoyin 'yan jarida da wani harshe mai gudu kamar ruwan kwazazzabo, na ce wa kaina ɗan ƙasarmu ne fa wannan. Iyakar dalilina ke nan, ba wani dogon tunani. Da na kai wa Baba takardar ya sa hannu, ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Yanzu ke 'yar nan, ki bar harshen Alƙur'ani ki ɗauki yaren 'yan ƙwallo?" Inna ce ta sa baki, da sharaɗin ba zan yi wasa da Islamiyya ba. Ya sa hannu, amma sunan nan na "yaren 'yan ƙwallo" ya bi ni shekara goma sha biyar.

Na yi karatun malanta a Marwa, na fito da sakamako mai kyau. Nahawu kam na iya shi. A tashe ni tsakar dare a ce in karanto sauye-sauyen fi'ili, zan zuba su ba gargada. Magana ce nake gudu. Duk inda za a buɗe baki a yi hira, sai in laɓe a bayan wasu. A 2014 aka tura ni wata makaranta a ƙauye, ni kaɗai ce mai koyar da harshen, da ɗalibai sama da 80 a wasu azuzuwan, littafi ɗaya ga mutum biyar ko shida. Ba wanda zan tambaya, ba wanda zai kama min kuskure. Na zama sarauniya a garin makafi. Ina rubuta ƙa'ida a allo, su kwafa, su haddace, su zuba min ita a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, shekara ta zagayo mu sake. Idan na faɗi wata kalma ba daidai ba, to haka yara 300 za su tafi da ita gida.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, na koma Garwa. Zaman gida ya ishe ni, sai ƙanena ya buɗe min shafi a Twitter, wanda yanzu ake ce wa X, wai in rage zaman shiru. Ban san me zan yi da shi ba. Na rubuta "profesora de español", wato malamar Sifaniyanci, a wurin bincike don kawai in ga abin da zai fito, sai na faɗa cikin wata kasuwa da ban san tana ci ba. Masu koyar da Sifaniyanci ga baƙi suna kiran sana'arsu ELE, kuma suna haɗuwa a ƙarƙashin alamar #twitterELE. Ga na Madrid, ga na Meziko, ga wata a Japan, ga wani a Burazil, kowa yana kuka da abin da nake kuka da shi: yara ba sa son buɗe baki, yara sun kasa bambance ser da estar, fi'ilai biyu da dukansu ke nufin kasancewa. Wannan ya ɗora takardar atisaye kyauta, wancan ya ce ya gwada ta ba ta yi ba, ga yadda ya gyara. Ta nan na san cewa Instituto Cervantes, cibiyar da Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshenta, tana da rumbun kayan koyarwa a intanet wanda kowa zai iya shiga ba ko sisi. Ta nan na ga mutane suna aika wa RAE, hukumar da ke kula da harshen tun 1713, tambaya da alamar #dudaRAE, a ba su amsa. Ni da nake kwana da shakka a kan kalma ɗaya wata da watanni!

Wata uku ban ce uffan ba, leƙe kawai nake yi. Ran nan wata malama 'yar Kolombiya ta rubuta cewa tana neman malamai daga Afirka da za su yi hira da ita, tana son sanin yadda muke aiki. Na rubuta amsa na goge ya fi sau biyar kafin na tura. Muka sa lokaci: ƙarfe 9 na dare a wurinmu, 3 na rana a wurinsu, don awa shida ce tsakaninmu.

Na sayi data, na cika waya da caji tun la'asar, na zauna a tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi. Fuskarta ta fito, ta yi murmushi, ta fara magana, sai muryar ta riƙa yankewa. Cikin ruɗewa na ce mata, "No te entiendo." Abin da nake nufi shi ne ba na jin muryarki. Faransanci ne ya ja min, don entendre a can ji da kunne ne, ga kuma Hausa da "ji" ɗaya ke ɗaukar na kunne da na fahimta. A Sifaniyanci kuwa abin da na faɗa shi ne ban fahimce ki ba. Baiwar Allah sai ta sassauta, ta koma yi min magana kalma bayan kalma, tana nuni da hannu, irin yadda nake yi wa 'yan ajin farko. Na san kuskuren, na sha koyar da shi ma, amma harshena ya yi nauyi na kasa gyarawa. Muka yi minti ashirin a haka. Da muka gama na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Maigidana ya leƙo ya ce, "Malama, lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ce masa a'a, yau ne dai na san matsayina.

Washegari na rubuta mata gaskiyar abin da ya faru. Ta aiko min saƙon murya tana dariya, ta ce, "Profe, ni ko kalma ɗaya ban sani ba a harshenki." Muka mayar da hirar ta kowace Asabar. Abin da na riƙa kwasa a wurinta ba ya cikin littafi. Su ba sa amfani da vosotros, wato "ku", ɗin da na shekara shida ina wahalar da yara a kansa, ustedes suke cewa, haka ma sauran ƙasashen Latin Amurka. 'Yan Ajantina kuma vos suke cewa a maimakon tú, wato "kai" ko "ke". Harshe ne na hukuma a ƙasashe 20, masu shi na asali sun kusa miliyan 500, kuma mafi yawansu ba a Sifaniya suke ba. A kaina kuwa Madrid ce kawai.

Da aka koma makaranta na tafi da wayata cike da kayan mutane, ina ganin na samo maganin komai. Na buga wata takarda mai kyau da kuɗina, taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Madrid, a ce yaro ya bayyana yadda zai tashi daga wannan tasha zuwa waccan. Yaran da akasarinsu ko jirgin ƙasa ba su taɓa gani ba. Suka yi tsuru-tsuru. Wata takardar kuma ta karin kumallo ce, da hoton naman alade da kofin giya a gefe, Allah ya sa na lura kafin in raba. Ba laifin masu kayan ba ne, don ɗalibansu suka yi. Ni ce na ɗauko rigar wani na ce dole ta zauna min.

Abin da ya juya al'amarin a zauren Baba ya faru, lokacin wani hutu. Ina zaune daga gefe ina shirya darasi a kan ma'aikatan gari, ina maimaita kalmomi a hankali, sai na ce alcalde. Ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Me kika ce?" Na sake faɗa, na ce magajin gari ke nan. Ya ce, "Alƙali dai." Na duba ƙamus a waya, sai ga shi, daga Larabcin al-ƙadi kalmar ta fito, inda mu ma muka samo tamu. Ya ajiye littafin ya ce in ƙaro. Na ce azúcar, ya ce sukari. Na ce aceituna, ya ce zaitun. Na ce hasta, ya ce hatta. Na ce ojalá, abin da suke faɗa idan suna fatan wani abu, na karanta masa cewa asalinta "lau sha Allah" ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wai wace ƙasa ce wannan?" Na ce Baba, ai ita ce Andalus. Musulmi sun shiga a 711, daularsu ta ƙarshe a Garnaɗa ta faɗi a 1492.

Ashe duk shekarun nan bai taɓa haɗa Sifaniyar 'yan ƙwallo da Andalus ɗin littattafansa ba, ni kuma ban taɓa tunanin in haɗa masa ba. Ya miƙa hannu ya jawo tafsirin Ƙurɗubi ya ce, "To mai wannan fa?" Na ce garinsu yana nan, Córdoba suke ce masa. Ibn Malik mai Alfiyya kuma a Jayyan aka haife shi, ita ce Jaén ta yau. A daren na rubuta a Twitter cewa mahaifina yana son ganin babban masallacin Ƙurɗuba, ko akwai wanda ke kusa. Washegari kafin azahar wani malami mazaunin garin, wanda ban taɓa magana da shi ba, ya taka ya je ya ɗauko min bidiyo, ginshiƙai da bakunan gini ja da fari har iya ganinka. Na gaya wa Baba cewa tun 1236 coci ne. Ya kalla sau uku, yana riƙe da wayar da hannu biyu kamar za ta zube. Bai ce komai ba sai "Allah mai iko." Daga ranar ban sake jin "yaren 'yan ƙwallo" a bakinsa ba.

Ni kuma daga ranar na fara kallon Hausa da wani ido. Duk shekarun nan ta Faransanci nake bi in kai yara Sifaniyanci, alhali ga hanya a ƙofar gida. Ɗauki ser da estar ɗin nan da ke sa malaman duniya kuka. Faransanci fi'ili ɗaya gare shi na duka biyun, shi ya sa yara ke ruɗewa. Amma Bahaushe ba ya cewa "ita malama tana", ba ya cewa "ita a gida ce" idan yana nufin inda take yanzu. "Ita malama ce", es profesora. "Tana gida", está en casa. Ba ko'ina suka dace ba, amma sun isa su buɗe wa yaro ƙofa. Haka subjuntivo, sigar fi'ili ta fata da buƙata, dodon ɗalibai: "ina so ka zo" da "na san ka zo", ai duk mai jin Hausa ya san "ka" ɗin ba ɗaya ba ne, na farko gajere, na biyu mai ja. Quiero que vengas, sé que viniste. Wasulansu biyar ne kamar namu. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne a wurinsu kamar yadda riga da hula da mota suke a wurinmu, kuma su ma suna da 'yan tawaye: el día da el mapa maza ne, kamar gida da ruwa da suna. Ra mai karkarwa ta perro, wadda Bafaranshe ke shan wuya a kanta, yaranmu da ita suka tashi. Inda muke faɗuwa shi ne "p". Har gobe ina da masu ce min fadre a maimakon padre. Ajina ba Hausawa zalla ba ne, akwai Fulani da wasu ƙabilun, sai na riƙa cewa kowa ya kawo yadda ake faɗa a gidansu mu gwada. Ajin da ya saba shiru ya koma sai na tsawatar.

Malamar Kolombiya ce ta matsa min in riƙa wallafa waɗannan abubuwa. Maganar bidiyo ta zo, maigida ya ce shi bai hana ba, amma ba ya son fuskata tana yawo a wayoyin mutane. Ni ma ban so ba. Muka tsaya a kan allo da hannuna da muryata. Na jingina waya a kan gwangwanin madara, na rubuta alƙali da alcalde da alli, na yi bayanin minti ɗaya. Na kwanta, na tashi na tarar abin ya zagaya inda ban taɓa zato ba.

A nan ne kuma na kusa ɓata. Daɗin yabo ya shige ni. Na koma ina duba waya tsakanin darasi da darasi, ina ƙirga mabiya, ina neman kalmar da za ta burge ko da ban tantance ta ba. Takardun yara suka taru ban duba ba. Ran nan na wallafa cewa jabón da sabulu duk daga Larabci suke. Kafin awa biyu wani farfesa ya amsa a bainar jama'a, cikin ladabi amma ba sassauci, cewa jabón daga Latin ta zo, ba ta bi ta Larabci ba, ga shafin ƙamus. Wasu suka biyo baya da abin da ba ladabi a ciki, har da wanda ya ce me 'yar Afirka ta sani a harshensu. Hannuna ya kai kan gogewa. Sai na tuna yara 300 ɗin nan da ke tafiya gida da kuskurena ba mai gyarawa, ga shi yau an samu mai gyarawa ina neman ɓoyewa. Na bar shi, na rubuta a ƙasa cewa na yi kuskure, na gode. Farfesan nan daga baya shi ya karanta min rubutun gwaji har guda takwas lokacin da nake shirin jarrabawa, bai karɓi ko sisi ba. Mai zagin kuwa na toshe shi na huta. Na kuma sa wa kaina doka: ba waya a makaranta, ba wallafa abin da ban gani a ƙamus ba.

Jarrabawar da nake nufi ita ce DELE, shaidar ƙwarewa da Instituto Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya. Matakanta shida ne daga A1 zuwa C2, kuma ba ta tsufa, ba kamar SIELE ba da ke aiki shekara biyar. Na nemi C1. Na yi adashi na tara kuɗin, na hau mota zuwa Gaundare, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Karatu da rubutu da sauraro ban ji tsoronsu ba. Da aka zo na baki, na zauna gaban masu jarrabawa, sai na ji kamar Asabar ce. Bayan wata biyu da wani abu sakamako ya fito da kalma ɗaya, APTO, wato na ci. Na kai wa Baba ya sa albarka.

Abin da ya biyo baya ba mai yawa ba ne a ido, amma ya canza min rayuwa. An gayyace ni na yi jawabin minti 40 ta intanet ga malamai daga ƙasashe da dama a kan koyarwa ta harshen gida, wuta ta ɗauke a tsakiya, na ƙarasa da fitilar waya. Na samu ɗalibai manya guda huɗu da nake koya wa da dare, biyu 'yan kasuwa ne masu harka da Malabo da Bata a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu da Sifaniyanci ne harshen hukumarta, suna biyana ta waya. Kada wani ya ji wannan ya ɗauka arziki ne, kuɗin data da na makarantar yara ne ke fita. Muka kuma buɗe zaure a WhatsApp na malaman Sifaniyanci da ke warwatse a ƙauyukan arewa, don Twitter ba kowa ke da datarsa ba, kuma tun da ya koma X da yawa daga mutanen kirkin da na sani a can sun watse. Dokar zauren biyu ce: ba siyasa, ba tallan atamfa. Ta biyun ta fi wuyar kiyayewa.

Yarana ma sun samu rabonsu. A Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka da aka yi a ƙasarmu, Ikwatoriyal Gini ta doke Aljeriya da ci 1 da nema a Duwala. Na sauke hirar da aka yi da 'yan wasansu na kunna a aji. Wani yaro daga baya ya ce, "Madam, ashe baƙaƙe ma suna yinsa?" Na ce kai ma ga ka nan. Daga nan muka fara musayar saƙon murya da ajin ƙawata ta Kolombiya, da izinin shugaban makaranta da iyaye, ta wayata kawai, ba hoton kowa. Nasu suka tambayi me muke ci da safe. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta karɓi wayar ta ce, "Yo como masa con miel." Amsa ta dawo cikin mamaki, wai ɗanyen ƙulli take ci? Ashe masa a wurinsu ƙullin da ba a gasa ba ne, irin wanda suke yin arepa da shi, wainarsu ta masara. Aji ya kaure da dariya, yara suka ce lallai kalmar tamu ce suka ara, in wallafa. Na ce a'a, ni da sabulu ya wanke sau ɗaya ba na ƙarawa, sai mun bincika.

Yarinyar nan yanzu tana ajin ƙarshe, ta ce malanta za ta karanta. Mahaifinta bai yarda ba tukuna. Na gaya wa Baba, ya ce in turo masa shi idan ya shigo Garwa cin kasuwa, akwai abin da zai nuna masa a waya. Na ce Allah ya sa ya saurare ka, Baba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ojalá."